Cuta Ta Iske Cuta a Jikin Zomo

A 1859 Thomas Austin ya saki 'yan zomayen da aka kawo masa daga Ingila a gonarsa da ke kusa da Geelong, a Ostiraliya, don ya riƙa farauta. Kafin shekara casa'in sun kai ɗaruruwan miliyoyi, suna cinye ciyawar tumaki, suna rarake ƙasa. Shinge da guba da tarko duk suka gaza.

A 1950 aka sakar musu ƙwayar cutar myxoma, sauro ya ɗauki aikin yaɗa ta. Da farko tana kashe fiye da 99 cikin 100 na waɗanda ta kama. Sai dai nau'in da ke gaggawar kisa kan mutu tare da zomon tun sauro bai kwashe shi ba, mai jan rai kuwa ya bazu. Zomayen da suka tsira suka haifi masu juriya.

Mun saba jin labarin a matsayin yaƙin mutum da zomo. A ganinmu, abin da ya fi ɗaukar hankali ya faru ne tsakanin cututtukan kansu.

A 1995 wata ƙwayar mai lalata hanta, RHDV, ta kuɓuce daga tsibirin Wardang inda ake gwajinta. A yankuna masu fari ta yi wa zomaye kisan kiyashi, amma a wurare masu sanyi da damshi ta yi sanyin hannu. An shekara fiye da goma ana neman dalili. Sai a 2009 masanan hukumar bincike ta CSIRO suka bayyana wata 'yar'uwarta, RCV-A1, wadda ta daɗe zaune a hanjin zomayen can ba ta kashe ko ɗaya. Zomon da ta riga ta kama yakan sami 'yar kariya daga mai kisan. Ashe an yi musu rigakafi ba da sanin kowa ba.

Myxoma kuwa akasin haka take yi. Binciken shekaru da aka yi a Turretfield, a Kudancin Ostiraliya, ya nuna zomon da ya warke daga gare ta ya fi saurin halaka idan RHDV ta ɓarke.

Saboda waccan kariyar ne aka saki nau'in K5 na Koriya a 2017. Amma tun 2015 wata ƙwayar, RHDV2, ta shigo ƙasar ba tare da gayyata ba, kuma ita ta mamaye dajin.