Samanja da Hausar Bariki

Da aka sanar da rasuwar Usman Baba Pategi a Kaduna cikin watan Nuwamba na 2023, mutane da yawa sai da aka ce musu Samanja ne ya rasu kafin su gane wanda ake nufi. Sunan wasa ya riga ya haɗiye na yanka. Akwai masu ganin wannan naƙasu ne ga ɗan wasa, wai wanda ya shafe shekaru yana fitowa a rigar mutum ɗaya bai nuna iyakar basirarsa ba. Ni a ganina akasin haka ne. Tsayuwar Pategi a kan Samanja ita ce ta adana mana wani yanki na tarihin Arewa da wata irin Hausa da littattafai ba su kula da ita sosai ba.

Sai an duba lokacin da wasan ya taso kafin a fahimci ƙarfinsa. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sojan Najeriya bai wuce kimanin dubu 10 ba, amma da aka ajiye makamai ya kai wajen dubu 250. Barikoki ba su ɗauke su ba, sai soja ya zama ɗan haya a unguwa, abokin layi a famfo, mai ciniki a kasuwa, kuma a daidai wannan lokaci mulkin ƙasa yana hannun masu kaki. Jama'a suna tsoron soja, suna kuma zaune da shi ƙofa da ƙofa. A cikin wannan yanayi na shekarun 1970 Samanja Mazan Fama ya shiga gidaje ta rediyo da talabijin na Kaduna, gidan da aka kafa tun 1962. Pategi kuwa ba daga nesa ya hango aikin ba. Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, ya sa kaki da kansa, ya san fareti da tsawar da ake yi wa kurtu. Abin da ya ɗora a gaban kyamara abin da ya gani da idonsa ne.

Babban makaminsa harshe ne. Tun zamanin Turawa Hausa ce harshen da ya haɗa sojoji daga ƙabilu daban-daban, har ta haifi abin da ake kira Barikanci, inda kalmomi irin su kofur da saje da samanja kansa suka shigo daga Turanci suka zauna. A bakin Samanja jimla takan fara da Hausa, ta karkata zuwa gurɓataccen Turanci, ta dawo ta ƙare da tsawa, a kira mace da "shi", a kira namiji da "ita", fuska a murtuke ba alamar wasa. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka kwaɓa ce kawai. Amma karya harshe a kan ƙa'ida ɗaya, mako bayan mako, ba tare da ya zame ya koma Hausar gidan rediyo ba, aiki ne na wanda kunnensa ya ƙware.

Masu suka na biyu sukan ce ai wannan ba'a ce ga waɗanda Hausa ba harshensu na gado ba ne. Maganar tana da ɗan nauyi, domin dariya a kan kuskuren harshen wani takan zama raini. Sai dai a nan mai karya Hausar shi ne mai iko a wasan, shi ke ba da oda, shi ke yanke hukunci, kuma ɗan wasan da kansa ba Bahaushe ba ne. Dubban tsofaffin sojoji daga Binuwai da Filato da Borno sun ji muryarsu ce a akwatin rediyo. Haka kuma masu cewa ya wanke soja ne a zamanin mulkin soja sun manta cewa mutumin da talaka ke kauce wa a hanya shi ne aka mayar abin dariya a tsakar gida, da fushinsa da wautarsa da rigimar iyalinsa.

Batun tsayawa a kan hali ɗaya ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Ɗankama da kwaikwayon malamai aka san shi, yaran tashe kuma duk azumi Jatau Mai Magani da Macukule suke dawowa da su, ba wanda ya ce sun gaza. Kasimu Yero ya zama Karambana a idon jama'a, Rabilu Musa ya zama Ibro har ya koma ga Allah a 2014. Lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990 ya buɗe kasuwar finafinan bidiyo, ya tarar da masu kallo da irin su Pategi suka riga suka rena.

Abin da ya rage shi ne kaset-kaset ɗin wasan Samanja. Ya kamata NTA Kaduna da Rediyon Najeriya Kaduna su tattaro abin da ya saura na Samanja, su mayar da shi kan kwamfuta, su buɗe shi ga ɗaliban harshe da na wasan kwaikwayo tun kafin zafi da ƙura su cinye shi.