Daga Kaset zuwa Filash: Tarihin Naɗar Shirin Talabijin a Gidajen Rano da Kibiya

A watan Janairun 1999, a wajen baje-kolin kayan lantarki da ake yi duk shekara a birnin Las Vegas na Amurka, kamfanoni biyu, TiVo da ReplayTV, suka nuna wani ɗan akwati da ake jonawa da talabijin. Aikinsa shi ne ya naɗe shirin da ake watsawa a cikin rumbun ajiya irin na kwamfuta, ba tare da kaset ba. Mai shi yana iya tsayar da labarai ana tsakiyar karanta su, ya fita ya dawo, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yana kuma iya umartar akwatin ya riƙa naɗe masa wani shiri duk mako, ko yana gida ko ba ya nan. Wannan na'ura ita ce DVR, wadda masu sayar da dikoda a Najeriya suka fi sani da PVR.

A wannan shekarar ce fim ɗin Sangaya ya fito a Kano a kan kaset ɗin bidiyo, ya ratsa birni da ƙauye. Wato a daidai lokacin da Amurka ke shirin sallamar kaset, shi kuwa a ƙasar Hausa yake kan ganiyarsa. Akwatin Las Vegas bai taɓa zama kayan kowane gida a garuruwa irin su Rano da Kibiya ba, amma buƙatar da aka ƙera shi dominta, wato mutum ya kalli abin da yake so a lokacin da ya ga dama kuma ya ajiye shi, ta daɗe a can, ta kuma samo hanyoyinta. Tarihin waɗannan hanyoyi shi ne tarihin wata tambaya da har yau ba a gama amsa ta ba: idan shiri ya wuce, a hannun wa yake zama?

Zamanin da tasha ke yanke lokaci

Kafin talabijin, hoto mai motsi yakan isa karkara ne a motar majigi ta gwamnati, wadda kan kafa farin ƙyalle a fili, ta nuna abin da ta zo da shi, gari na wayewa ta yi gaba. Gidajen silima kuwa, tun daga Rex da aka buɗe a Kano a 1937, na birni ne, kuma ba wurin da matar aure ke zuwa ba ne.

Talabijin ya fara a Najeriya a Ibadan a 1959, ya iso Arewa ta Kaduna a 1962. A 1977 gwamnatin tarayya ta tattara tashoshin ƙasar a ƙarƙashin NTA. Daga baya Gwamna Abubakar Rimi, ɗan ƙasar Sumaila mai maƙwabtaka da Kibiya, wanda ya mulki Kano daga 1979 zuwa 1983, ya kafa wa jihar tasharta, CTV 67, wadda yau ke ɗauke da sunansa. A wannan zamani tasha kan buɗe da yamma ta rufe cikin dare. Labaran ƙasa na ƙarfe tara ne, Samanja ko Karkuzu kuwa kowanne da ranarsa da sa'arsa. Wanda ya makara ya rasa, sai dai ya ji labari a bakin waɗanda suka gani.

Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, da maƙwabciyarta Kibiya, ƙasar noma ce a kudu da birnin Kano. A irin waɗannan garuruwa akwatin talabijin ya fara shiga gidajen masu sarauta da ma'aikata da manyan 'yan kasuwa, kuma sau da yawa akan fito da shi ƙofar gida yaran unguwa su kewaye shi. Sai dai jadawalin da aka tsara a ofis bai san damina ba, bai san ranar kasuwa ba, bai kuma damu da cewa tsakanin magariba da lisha magidanci yana masallaci, uwargida tana fama da tuwon dare ba.

Jan maɓalli

Kamfanin Sony na Japan ya fitar da Betamax a 1975, JVC ya biyo da VHS a 1976, kuma VHS ce ta ci kasuwa. A jikin kowace irin wannan na'ura akwai maɓalli mai jan ɗigo wanda ke kwafe abin da talabijin ke nunawa zuwa kaset. Kamfanonin fim na Amurka sun ga hatsarin abin, har Universal da Disney suka kai Sony kotu. A 1984 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, cewa naɗar shiri a gida don a kalla daga baya bai saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ba. A kan wannan hukunci ne duk na'urorin da suka biyo baya suka tsaya.

A ƙasar Kano, bidiyo ta yi abin da silima ta kasa: ta kai fim har cikin ɗakin matan aure. Da farko finafinan Indiya da na Sin ne, waɗanda 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke kwafa suna rarrabawa ga dillalan garuruwa. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin kasuwar finafinan Hausa na bidiyo. Masanin nan Brian Larkin ya nuna a littafinsa Signal and Noise na 2008 cewa hanyoyin da aka shimfiɗa don kwafar finafinan waje su ne sabuwar masana'antar ta bi ta kai hajarta ko'ina. Shagon hayar kaset da gidan kallo suka zama sana'a a kowane babban gari.

Kaset yana da wata daraja da ba a lura da ita ba sai da ta kuɓuce. Abin da aka naɗa a kansa na mai shi ne. Ana rubuta masa suna a goshi, a jera a kabad, a ba maƙwabci aro, a kai wa 'yar'uwa da ke aure a wani gari. A kaset guda ana iya samun tafsirin azumi, da rabin wasan ƙwallo, da hawan salla, da bikin ɗiyar gidan. Babu wanda zai aiko daga nesa ya kulle shi.

Shekarun da maɓallin ya ɓace

A farkon shekarun 2000 faifan VCD, sannan DVD, suka kori kaset. Na'urorinsu 'yan Sin sun fi araha, faifan ya fi sauƙin ɗauka, hoton kuma ba ya shan wahalar ƙura kamar zaren kaset. Amma akwai abin da aka bari a baya ba tare da an yi shawara ba: na'urar faifan da ta cika kasuwa kunnawa kawai take yi, ba ta naɗa. Gidan da a da yake iya tsare shirin CTV da kansa ya koma mai saye kawai. Kwafa ta koma hannun masu kwamfuta da masu shago. A 2016 kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS, ya daina.

Akwatin da ya zo da sharaɗi

DVR ta shigo Afirka ta hannun masu talabijin na biya. MultiChoice ta fara DStv a 1995, ta fitar da dikodarta ta farko mai naɗa a 2005, sannan Explora a 2013. Yadda take aiki ba wuya a gane. Shirin da ke saukowa daga tauraron ɗan'adam dama a lambobi yake, saboda haka akwatin yana rubuta shi kai tsaye a rumbunsa, hoton bai ragu da komai ba. Yana riƙe da mintocin baya na tashar da ake kallo, shi ya sa ake iya tsayarwa ko komawa baya. Yana da kafar kama tasha fiye da ɗaya, don haka ana kallon wata yana naɗar wata. Jadawalin shirye-shirye kuma yana cikinsa, mutum ya zaɓa da rimot ya tafi harkarsa.

Abubuwa uku suka tsaya tsakanin wannan akwati da yawancin gidajen Rano da Kibiya. Na farko wuta. Duk hikimar DVR ta dogara ne a kan cewa tana kunne a lokacin da mai ita ba ya nan. Daga NEPA zuwa PHCN zuwa KEDCO, wadda ta karɓi rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, ba a kai ga wutar da za a dogara da ita dare da rana ba. Wanda kuwa zai tayar da janareta, to don ya zauna ya kalla ne, ba zai ƙona fetur don akwati ya yi kallo shi kaɗai a ɗaki ba, balle bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ga shi kuma rumbun ajiya mai juyawa ba ya son a riƙa yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu.

Na biyu kuɗi. Bayan tsadar akwatin akwai kuɗin wata, akwai kuma ƙarin kuɗi na musamman kafin a buɗe damar naɗa. Manomin da kuɗinsa ke shigowa da kaka ba ya jituwa da lissafin wata-wata. StarTimes, wadda ta fara aiki a Najeriya a 2010 tare da NTA, da GOtv da ta zo a 2011, sun samu shiga ne da ƙananan dikodoji masu araha waɗanda aikinsu nuna tasha. Mai son ƙwallon Ingila kuwa ya biya kuɗin shiga gidan kallo, inda daɗin abin shi ne a gan shi yana faruwa cikin jama'a. Ba mai marmarin wasan da tuni aka san sakamakonsa.

Na uku shi ne mafi nauyi a tarihi. Abin da dikodar biya ta naɗa a kulle yake. Ba a cire shi a kai wani akwati, ba a ba da aronsa, kuma idan kuɗin wata ya ƙare ko akwatin ya mutu, ajiyar ta tafi. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Filash da memori

Jan maɓallin ya dawo ta wata ƙofa. Risibobin tashoshin kyauta, irin su Strong da takwarorinsu, sun zo da kafar da ake soka filash. Mai irin wannan risiba yana iya naɗar shiri a filash, ya zare, ya zuba a kwamfuta ko a waya. Ba kuɗin wata, ba kulle. Wannan ita ce DVR ta talaka, kuma ta zo daidai da lokacin da aka samu abin naɗa da Hausa: Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a 2014, ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, daga baya Labarina na Aminu Saira. Waɗannan shirye-shirye ne masu dogon zango, wanda ya rasa kashi ɗaya ya rasa zaren labari, don haka ajiya ta zama larura.

Daga nan sana'ar tura finafinai ta kafu. Saurayi da kwamfutarsa a ɗan shago ko a bakin kasuwa, yana zuba wa mutane shirin makon a memori a kan kuɗi kaɗan. Matar da ba a kawo wuta a unguwarsu ba daren da aka nuna shirin, washegari ta aiki yaro da waya. Abin da akwatin Amurka ke yi wa gida ɗaya, shago ɗaya ke yi wa unguwa guda. Masu shirya finafinai sun ɗanɗana kuɗarsu, domin kasuwar faifai ta rushe, har da yawansu suka koma sakin aikinsu a YouTube, kamar yadda aka yi da Izzar So. Sauya watsa talabijin zuwa tsarin dijital ma ya yi jinkiri: Najeriya ta wuce wa'adin duniya na Yunin 2015, aka fara gwaji a Jos a 2016, aka ƙaddamar a Kano a 2021, lokacin da waya ta riga ta zama allon kallo na farko ga matasa.

Abin da ke hannun gidaje

Tashoshin talabijin a ko'ina ba su yi fice wajen adana tarihinsu ba. Kaset ɗin tasha yana da tsada, don haka akan goge tsohon shiri a ɗauki sabo a kansa. Ko BBC ta yi asarar ɗimbin shirye-shiryenta na shekarun 1960 da 1970 ta wannan hanya. A Amurka wata mata mai suna Marion Stokes ta shafe fiye da shekara 30 tana naɗar labaran talabijin a gidanta har rasuwarta a 2012, ta bar kaset kusan 70,000 waɗanda yanzu ke hannun ma'ajiyar Internet Archive. A nan gida, fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, ya daɗe ba a ganinsa sai da aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Najeriya, aka gyara shi, aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018.

Ƙasar Rano tana da dalilinta na kula da wannan. A watan Mayun 2019 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta ɗaga Rano zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya. A watan Mayun 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta soke dokar, sannan a watan Yuli aka sake kafa masarautar a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Rano da Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta. Naɗe-naɗen sarauta da hawan salla da jawaban waɗannan shekaru biyar an ɗauke su, amma a warwatse suke: a wayoyi, a filash, a shafukan Facebook. Waya na faɗawa ruwa, memori na lalacewa, shafi na rufewa. Tsofaffin kaset ɗin da ke kabad kuwa zafi da laima da ƙura na cin su, na'urar kunna su ma sai an tona.

Kano ba ta rasa wuraren da za su iya ɗaukar wannan amana ba. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, akwai Gidan Makama, akwai Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero, ga kuma Arewa House a Kaduna. Juyar da kaset zuwa kwamfuta ba ya buƙatar fiye da na'urar VHS mai lafiya da 'yar na'urar haɗi da mai haƙurin zama. Mai binciken da zai so, nan da shekara 50, ya ga yadda aka yi hawan salla a Rano a 1988 ko a 2021, zai dogara ne ga gidan da ya danna jan maɓalli a ranar, da kuma ko magadan gidan sun kwafe abin kafin ya goge.