Hotunan Sojojin Arewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya da Matsalar Gano Masu Su a Ƙasar Katagum

Wannan maƙala ta dubi tsofaffin hotunan sojojin Nijeriya da Turawan Ingila suka kai yaƙi wajen ƙasarsu tsakanin 1914 da 1918, da kuma abin da mai tattara su a garuruwan Katagum, irin su Sakwa da Azare, zai iya tatsa daga cikinsu. Sojojin na rundunar Afirka ta Yamma ne, wadda Lugga ya kafa a 1897, wadda kuma da Hausa ake ba da umarni a cikinta. Sun fara da Kamaru, inda Garwa ta faɗi a Yunin 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a Fabrairun 1916. Daga nan aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Darussalam ta Gabashin Afirka a ƙarshen 1916 ƙarƙashin Janar Cunliffe, har suka sha mummunar ɓarna a gumurzun Mahiwa cikin Oktoban 1917. A lokacin, shekara 14 kacal ke nan da shigar Turawa Katagum.

Yawancin abin da ya saura na hotunan yana Ingila, a gidan adana kayan yaƙi na Landan da aka kafa a 1917, da cikin littattafan hafsoshi, kamar wanda Kyaftin Downes ya buga a 1919 kan yaƙin Gabashin Afirka. Babban cikas ɗinsu shi ne bayanin hoto, wato ɗan rubutun da ake yi a ƙasa ko a bayansa, domin sau da yawa yakan kawo sunan Bature da muƙaminsa, ya bar sahun mutanen da ke tsaye a bayansa ba suna ba gari. 'Yan dako kuwa, waɗanda suka ɗauki harsashi da abinci a ka, kuma cuta da yunwa suka fi yi musu kisa, da ƙyar ake ganinsu sai a gefen hoto. Wannan rashi ne mai ciwo, tunda jikokinsu suna raye.

Duk da haka hoton yana magana ga wanda ya san ƙasar. Ƙaramar hula da gajeren wando da ƙafa ba takalmi suna raba sojan wannan zamani da mazan jiya na yaƙin Bama, waɗanda suka tafi daga 1943 da malafa mai faɗin baki. Tsagar fuska ta fi komai amfani a yankin da Kanuri da Fulani da Bade da Hausawa suke cuɗanya, domin dattijo ko wanzami a Sakwa yana iya gane zuriyar mutum daga askar kumatunsa, abin da ma'aikacin gidan tarihi a Landan ba zai iya ba.

Hotunan da ke hannun iyalai kuma gara da laimar damina ne abokan gabansu. Ya kamata a ɗauki hoton gaba da bayan kowane, a rubuta sunan da magada suka faɗa da garin, sannan a gwada da takardun ma'adanar tarihi ta Kaduna kafin a mayar wa masu shi.