Sukuwar Aintree: Tseren da Sauri Kaɗai Ba Ya Ci

Duk wanda ya taso a gida kafin ya koma birni ya san sukuwa: a ja layi, a saki linzami, mai dokin da ya fi sauri shi ne gwani. To, a ƙasar Ingila akwai wata sukuwa da ta saɓa wa wannan ƙa'ida. Sunanta Grand National, ana yin ta cikin watan Afrilu a filin Aintree, kusa da birnin Liverpool.

An fara ta a 1839. A ranar ce wani mahayi, Kyaftin Becher, ya faɗo daga dokinsa ya afka cikin ɗan rafin da ke gindin wani shinge, har yau kuwa da sunansa ake kiran shingen.

Tsawon tseren ya haura mil 4, kusan kilomita 7 ke nan, kuma sai doki ya tsallake shinge sau 30 cikin zagaye biyu. Mafi tsayi, wanda ake kira The Chair, ƙafa 5 ne da inci 2, ga rami mai faɗin ƙafa 6 a gabansa. Na Becher kuwa sharrinsa a ɓoye yake, domin ƙasar bayansa ta fi ta gabansa gangara, sai doki ya tashi sama sannan ya tarar masaukinsa ya yi nisa. Bugu da ƙari, dokin da ya fi gwaninta shi ake ɗora wa nauyi mafi yawa, don kada ya tsere wa saura.

Saboda haka kaiwa ƙarshe ma abin alfahari ne. A 1928 dawaki 42 suka tashi, biyu kacal suka isa. A 1967 wani doki da ya yar da mahayinsa ya gitta gaban shinge na 23, dawaki suka cakuɗe, sai Foinavon, wanda ke can baya ba mai ko kallonsa, ya sami kafa ya wuce ya ci.

Amma ni a ganina, gwarzon fili shi ne Red Rum. Doki ne mai ciwon kofato, mai horar da shi, Ginger McCain, ya riƙa kai shi sukuwa a rairayin bakin teku a Southport har ƙafar ta yi dama. Ya ci a 1973 da 1974 da 1977, ya zo na biyu a 1975 da 1976, bai taɓa faɗuwa a shingayen nan ba. Da ya mutu a 1995, a bakin layin ƙarshe aka binne shi.

Sai dai dawaki da dama sun karye sun hallaka a filin, jama'a suka yi ta kuka. A 2013 aka cire katakon da ke cikin shingayen aka sa roba mai lanƙwasawa, a 2024 kuma aka rage yawan masu tashi daga 40 zuwa 34. Tsofaffin 'yan kallo na gunagunin an rage wa tseren armashi. Ni kam ban bi su ba.