Gajiyar da Ba Ta Ƙarewa: Yadda Ake Gano Ko Ɗaukewar Numfashi a Barci Ce Sanadi

Gajiya bayan aiki abu ne da kowa ya sani, kuma barcin dare ɗaya ko biyu yakan kawar da ita. Amma idan mutum ya shafe makonni ko watanni yana kwana yana tashi a gajiye, to akwai dalili, kuma wajibi ne a nemo shi. A yawancin garuruwanmu akan ɗora irin wannan gajiya a kan zazzaɓin cizon sauro, ko taifot, ko shawara, a yi ta shan magani ba tare da gwaji ba. Ɗaya daga cikin dalilan da ba kasafai ake tunawa da su ba shi ne ɗaukewar numfashi a cikin barci.

Mece ce wannan cuta?

Idan mutum ya yi barci, naman maƙogwaro da harshe sukan saki. A wasu mutane sakin yakan kai har hanyar iska ta toshe, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye. Iskar oksijin sai ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta farkar da mai barcin na ɗan lokaci domin ya ja numfashi, sannan ya koma. Hakan na iya faruwa sau da dama a cikin awa ɗaya ba tare da ya sani ba. Saboda haka yana iya yin awa 8 a kwance amma jikinsa bai huta ba. Cutar ta fi kama maza, da masu ƙiba, da masu kaurin wuya, da waɗanda suka manyanta, da matan da suka daina al'ada. Idan aka bar ta, tana ƙara haɗarin hawan jini, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da haɗarin mota.

Mataki na farko: a bambance gajiya da jin barci

Ma'aikacin lafiya zai fara tambaya ko majinyaci kasala yake ji, ko kuwa barci ne ke ɗaukarsa da rana. Wanda ke gyangyaɗi a wurin taro, ko a cikin mota, ko yana tsakiyar hira, shi ne aka fi zargin yana da wannan cuta. Akwai ma'aunin Epworth, wanda Dokta Murray Johns ya fitar a ƙasar Ostareliya a 1991. Yana ƙunshe da tambayoyi 8, makinsa daga 0 zuwa 24, kuma makin da ya haura 10 yana nuna barcin rana ya wuce kima. Za a kuma tambayi tsawon barcin dare, domin baligi yana buƙatar aƙalla awa 7. Mai gadi ko direban dare da ke samun awa 4 kacal, ƙarancin barci ne ya kamata a fara gyara masa.

Mataki na biyu: shaidar abokin kwana

Mai wannan cuta ba ya jin kansa. Don haka yana da kyau a je asibiti tare da mata ko miji, ko wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi. Alamomin da ake nema su ne:

1. Minshari mai ƙarfi kusan kowane dare.
2. Yin shiru kamar numfashi ya ɗauke, sannan a zabura da shaƙewa.
3. Yawan tashi fitsari da dare.
4. Ciwon kai da bushewar baki da safe.
5. Mantuwa, saurin fushi da raguwar sha'awar iyali.

Ba duk mai minshari ne ke da cutar ba. A asibiti za a auna nauyi, da hawan jini, da kaurin wuya. Wuyan da ya haura santimita 40 yana ƙara zargi, haka ma hawan jinin da ya ƙi sauka duk da ana shan magani.

Mataki na uku: gwajin sauran cututtuka

Ko da alamomin sun bayyana, ba daidai ba ne a tsaya a kansu, domin mutum ɗaya na iya samun dalili biyu. Likita zai duba waɗannan:

Ƙarancin jini, musamman ga mata masu ciki ko masu yawan zubar jinin al'ada, da masu tsutsar ciki, da masu sikila.

Ciwon suga. Sukarin jini da ya kai 126 kafin a karya kumallo, idan aka maimaita gwajin ya tabbata, yana nuna cutar.

Raunin aikin ƙullutun gaban wuya, wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo. Yakan kawo kasala, jin sanyi da ƙiba.

Tarin fuka, cutar ƙanjamau, ciwon hanta, ciwon ƙoda da ciwon zuciya. Duk wanda gajiyarsa ta zo da rama, ko zufar dare, ko tarin da ya kai mako 2, kada ya jinkirta.

Ciwon damuwa, wanda yakan hana barci ya kuma kashe jiki.

Magunguna irin su ƙwayar sa barci, wasu magungunan mura, tiramol da kodin. Barasa da ƙwayoyin sa barci suna ƙara tsananta ɗaukewar numfashi.

Yawancin waɗannan gwaje-gwaje ana yin su a babban asibiti, wasu ma a cibiyar lafiya matakin farko.

Mataki na huɗu: gwajin barci

Gwajin barci ne kaɗai ke tabbatar da cutar. Majinyaci zai kwana da na'urorin da ke auna numfashi, bugun zuciya da iskar jini, ko a asibiti ko a gida da ƙaramar na'ura. Ana ƙirga yawan tsayawar numfashi ko raguwarsa a awa ɗaya: daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 zuwa sama mai tsanani. Ba kowane asibiti ke da kayan wannan gwaji ba, saboda haka a nemi takardar turawa zuwa wurin likitan huhu ko likitan kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin ƙwararru ko na koyarwa.

Magani

Rage ƙiba, kwanciya a gefe maimakon rigingine, barin taba da barasa, da maganin toshewar hanci duk suna taimakawa. Babban magani shi ne na'urar CPAP, wadda Farfesa Colin Sullivan ya gabatar a birnin Sidni a 1981. Tana hura iska ta hanci domin hanyar numfashi ta zauna a buɗe, amma tana buƙatar wutar lantarki tsawon dare, don haka a tanadi batir ko sola. A yara, girman naman gefen maƙogwaro da na bayan hanci ne ya fi jawo cutar, kuma tiyatar asibiti takan magance ta. Yankan beli a wurin wanzami ba magani ba ne, yana ma iya jawo zubar jini da kamuwa da cuta.

Kira ga jama'a da shugabanni

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su isar da wannan bayani ga jama'a, musamman a tashoshin mota. Direba ko ɗan acaɓa da ke gyangyaɗi a kan hanya ya dakatar da tuƙi har sai likita ya duba shi, domin goro da shayi ba sa maye gurbin barci. Shugabannin ma'aikata kuma su tura ma'aikacin da ke yawan barci a ofis asibiti kafin a yanke masa hukuncin lalaci. Duk wanda gajiya ta dame shi fiye da wata ɗaya, ya je asibiti mafi kusa tare da magungunan da yake sha da kuma wanda ya san yadda yake barci.