Daga Dracula Zuwa Kufayen Kurfi

A 1897 Bram Stoker ya fitar da Dracula, inda jama'a suka yi wa mashayin jini taron dangi suka halaka shi. A 1954 Richard Matheson, ɗan Amurka, ya juya lissafin a I Am Legend. Annoba ta cinye duniya, ta bar Robert Neville shi kaɗai. Da dare ya garƙame gida, da rana ya bi mashaya jini yana kashewa suna barci, har da rayayyun da cutar ta kama kawai. Daga ƙarshe ya gane shi ne dodonsu.

'Yan uwa marubuta, kufayen da 'yan bindiga suka bari a ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma sun ishe mu fagen labari. In za ku rubuta mai kare kansa, ku nuna mana ranar da ya fara kashe marar laifi.