Daga Turke Zuwa Turke: Tarihin Canjin Hannu da Lafiyar Dawaki Tsakanin Ƙasar Hausa da Abuja

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin ƙasar Hausa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan doki, sai dai galibinsu ta fuskar yaƙi da sarauta da fatauci suka dube shi. An ƙididdige mahaya, an faɗi kuɗin ingarma, an bayyana lifidi da sulke. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne halin da dokin kansa yake shiga duk lokacin da aka kwance shi daga wannan turke aka ɗaure a wancan.

Marubucin wannan maƙala ya tashi a gidan da ake ɗaure doki, kafin aiki ya kawo shi Abuja. Ranar wata Sallah, a wani wurin shaƙatawa na birnin, ya ga wani bidi yana ɗaukar yara ana yi musu hoto, ga miki a gadon bayansa an rufe da tsumma. Yaron da ke riƙe da ragamarsa bai san shekarunsa ba, bai san inda aka haife shi ba, iyakar saninsa shi ne maigidansa ya saye shi kafin azumi daga wani wanda shi ma saye ya yi. Wannan ne ya jawo tambayar da za a bi a nan. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa canjin hannu tsohon abu ne a tarihin dokin ƙasar Hausa, kuma abin da yake kare lafiyar doki a da shi ne tafiyarsa tare da wanda ya san shi. Da wannan ya yanke, sai wahalarsa ta ƙaru.

2.0 Doki a Matsayin Haja

Tun da daɗewa doki matafiyi ne. Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya ziyarci Mali a 1352 zuwa 1353, ya ambaci cewa kuɗin doki a can yakan kai miskali 100. A farkon ƙarni na 16 kuma Leo Africanus ya ba da labarin yadda Mai na Barno yake sayen dawaki daga fataken Arewacin Afirka, kowane doki a bakin bayi 15 ko 20. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda aka ce ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke, kuma yakan aika wa Kwararrafa dawaki, su kuma su aiko masa da bayi. Wato ke nan, doki kan shigo daga arewa da gabas, ya ratsa ƙasar Hausa, ya gangara kudu.

Harshen kansa shaida ne. Kalmomin sirdi da linzami da likkafa daga Larabci suka samo asali. Ana danganta ingarma da Barbarci, akawal kuma da harshen Azbinawa. Kowace kalma daga cikin waɗannan ta biyo hanyar da dabbar ko kayanta suka biyo, ta hannun fatake da dillalai.

Dalilin gangarawar doki kudu kuwa a bayyane yake. A sahel da arewacin ƙasar Hausa goɗiya takan haihu, duƙushi ya girma lafiya. Da zarar an shiga ƙasar kurmi da rafuka masu duhuwa, sai a tarar da ƙudan tsando, mai ɗauke da ciwon sammore. Dokin da ya kamu yakan rame, ƙafafunsa da cikinsa su kumbura, jininsa ya ƙare, daga nan ya mutu. Saboda haka daulolin kudu masu rundunar dawaki, irin su Oyo, ba su iya dogara da kiwo ba, kullum sai saye. Robin Law, a littafinsa na tarihin doki a Afirka ta Yamma wanda aka buga a 1980, ya nuna cewa Oyo takan sami dawakinta daga arewa ta hanyar Nupe da Bargu. Ya kuma nuna wani abu da ya shafi batunmu kai tsaye: masu kula da waɗannan dawaki a Oyo galibinsu bayi ne 'yan arewa, Hausawa da Nufawa da makamantansu. Mai saye ya gane cewa mallakar doki ba ta wadatar sai da mutumin da ya san cinsa da shansa da ciwonsa. Tsari ne da aka gina bisa bauta, ba kuwa abin yabo ba ne, amma ya tabbatar da cewa ilimin barga yana tafiya tare da dabbar.

3.0 Dawakin Tsohuwar Abuja

Abuja ta farko, wadda yanzu ake kira Suleja, bisa doki aka kafa ta. Lokacin jihadi, a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa, ya yi kudu zuwa wajen Zuba. Bayan rasuwarsa a 1825 ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya gina garin da ya ɗauki sunansa a 1828. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihin wannan masarauta, wanda fassararsa ta Turanci ta fito a 1952, M. G. Smith kuma ya yi nazarin tsarin sarautunta a 1960.

Waɗannan Zagezagi sun zo da sarautunsu na doki, kamar Madawaki mai jagorancin mahaya da Shamaki mai kula da bargar sarki. Amma ƙasar da suka sauka ƙasar Gbagyi da Koro ce, mai duwatsu da rafuka da damina mai tsawo, wadda ba ta karɓar doki kamar Zariya. Ga shi kuma hanyar arewa tana hannun abokan gaba. Don haka kowane doki da ke bargar Abuja yana da daraja biyu: wahalar samunsa da wahalar raya shi. Ganimar yaƙi da harin ayari da sayen hannu su ne hanyoyin samu, kuma dukkansu canjin hannu ne.

A nan ya kamata a bambanta canjin hannu iri uku da aka sani a daulolin ƙasar Hausa. Na farko shi ne kyauta da gaisuwa: sarakuna sukan aika dawaki Sakkwato cikin kayan gaisuwa, sarki kuma yakan ba hakimi ko bafade doki. Na biyu shi ne ɗaurawa: ubangida ya ba baransa doki ya hau, ya tafi yaƙi da shi, amma mallaka tana nan wurin ubangida, idan sun ɓata ya karɓe abinsa. Na uku shi ne ciniki a kasuwa. A iri biyu na farko, mahayi ne yake canjawa, amma dokin bai fita daga idon mutanen da suka san shi ba. Muri da 'yan barga suna nan, masu yankan ciyawa suna nan, kuma wanda ya wulaƙanta dokin sarki ya san akwai mai tambayarsa. Iri na uku ne mai haɗari, shi ya sa shari'a da al'ada suka kewaye shi da sharuɗɗa.

4.0 Kariyar Shari'a da Al'ada

Fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan ƙasar Hausa suke hukunci da shi, ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita, idan ya kasa a tilasta masa rabuwa da ita. Ya kuma ba mai saye damar mayar da dabba idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. A Muhtasar na Halilu an iyakance zaɓin gwajin dabba da kamar kwana uku. A rabon ganima kuma mahayi yana da kaso uku, biyu na dokinsa, ɗaya nasa, abin da ya sa kula da doki ta zama riba a fili.

Al'ada ta ƙara nata. Dillalin dawaki mutum ne sananne a gari, la'adarsa tana tare da sunansa. Yakan buɗe bakin doki a duba haƙora don sanin shekaru, a ɗaga kofato, a shafa gadon baya, a sukwane shi a ji numfashinsa. Launi ma suna ne: da an ce kili ko akawal ko danda ko hurde ko gunya, mutanen gari sun san wane doki ake nufi da gidan da ya fito. Marubucin ya tuna cewa a gidansu, idan aka sayar da doki, ɗan barga yakan raka shi, ya kwana biyu a sabon gida yana nuna awon dawarsa, da lokacin ba shi kanwa, da abin da yake tsoro. Ba a ce babu algus a kasuwar da ba; Hausawa ba su rasa labaran dillalan da ke ɓoye ɗingishi ba. Amma mai algus ya san gobe za a gan shi a masallaci.

5.0 Zamanin Turawa da Sabuwar Abuja

Turawa sun ci Abuja a 1902, Kano da Sakkwato a 1903. Daga nan aikin doki na yaƙi ya ƙare, ya koma na rangadi da hawan Salla da daba, kamar wadda aka yi a Kano a 1925 da ta Kaduna a 1956. Sukuwa da wasan folo suka buɗe masa sabuwar kasuwa, musamman a Katsina ƙarƙashin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo. Mota kuma ta karɓe aikin sufuri. Sannu a hankali doki ya tashi daga abin buƙatar kullum ya koma abin buƙatar lokaci.

An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati ta tare a 1991. Sabon birnin ya ɗauki sunan tsohuwar Abuja, ya kuma gaji matsalarta: yana son doki, amma ba ya haifar doki. Akwai dawakin folo, da na 'yan sanda da sojoji, da na masu sha'awa, da na haya a wuraren shaƙatawa da bukukuwan aure. Wasu daga kasuwannin iyaka irin su Maigatari ake kawo su, wasu daga Chadi da Sudan, na folo masu tsada kuma har daga Ajantina. Tafiyar da ayari yake yi a makonni, yana yada zango dabba tana sabawa da ruwa da ciyawa, yanzu babbar mota takan yi ta a kwana ɗaya.

Bargunan da ke da likita da ma'aikata na dindindin ba su ne abin damuwa ba. Abin damuwa shi ne dokin da ya gangaro daga cikinsu. Wanda ya gaza a filin folo ko sukuwa yakan koma hannun mai hawan Salla, daga nan ya faɗa hannun mai haya. A kowane mataki kuɗinsa yana raguwa, aikinsa yana ƙaruwa, sanin da aka yi masa yana ɓacewa.

Illar wannan a jikin doki sananniya ce ga likitocin dabbobi. Cikin doki ba ya son canjin abinci farat ɗaya. Wanda ya saba da harawa da ingirici, aka cika masa dusa da hatsi rana guda, yana iya kamuwa da ƙullewar ciki, wadda take kisa. Doguwar tafiya a mota da kai a ɗaure tana jawo ciwon huhu. Sirdin da aka yi wa wani doki, idan aka ɗora wa wani, shi ne mafarin miki. Sabon linzami a hannun sabon mahayi yakan yaga baki, dokin ya koyi tutsu, a ce mugun hali gare shi, a ƙara masa ƙaimi da bulala, a sake sayar da shi. Haka kuma dokin da aka kawo daga ƙasar da babu annobar dawaki ta Afirka, wadda ƙananan ƙwari suke yaɗawa da damina, ya fi na gida saurin mutuwa idan ba a yi masa rigakafi ba. Mai saye na huɗu bai san allurar da aka yi ba, bai san maganin sammore nawa aka ɗura ba, sai ya maimaita ko ya bari. Doki na iya kai shekara 25 ko fiye, amma wanda ya san wata shida kawai zai riƙe shi ba ya lissafin tsufansa. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

6.0 Abin da Wasu Ƙasashe Suka Yi

Matsalar ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. A Ingila, littafin Anna Sewell mai suna Black Beauty, wanda ya fito a 1877, labarin doki ne da ya yi ta canja iyayen gida yana gangarawa, kuma ya taimaka wajen tayar da hankalin jama'a kan cutar da dawakin keken haya. Tarayyar Turai ta wajabta wa kowane doki takardar shaida mai bin sa duk inda ya tafi, daga 2009 kuma aka ƙara da sanya wa duƙushi 'yar na'urar shaida a wuya. Wannan takarda aikin ɗan bargan da ke raka doki take yi. A Nijeriya, dokar Final Kot ta 1960, wadda take aiki a Abuja, ta haramta azabtar da dabba da ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, amma hukunci ne bayan ɓarna, bai tanadi hanyar da tarihin doki zai bi shi ba.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa dokin ƙasar Hausa ya daɗe yana canja hannu, tun zamanin Kanajeji har zuwa bargar Abu Ja. An kuma ga cewa Shamaki da muri da dillali sananne da zaɓin kwana uku su ne suka riƙa ɗauke masa nauyin wannan canji. A Abuja ta yau canjin ya ƙara sauri, masu rakiyar kuwa sun ragu.

A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan dabar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Wannan al'ada a bayan doki take zaune, don haka kiyaye ta ya haɗa da kiyaye shi. Ƙungiyoyin mahaya da masarautu za su iya fara ɗan littafin shaida da Hausa, mai ɗauke da launi da shekaru da abinci da allurai, wanda zai bi kowane doki ranar ciniki. Masana harshe kuma suna da nasu aikin. Sunayen cututtukan doki da magungunansu da kalmomin horo suna bakin tsofaffin 'yan barga a Katsina da Kano da Zariya da Suleja, kuma abin da Bargery ya tattara a ƙamusunsa na 1934 yana bukatar a koma a gwada shi da abin da ya saura a bakinsu tun suna raye.